Rabin Cokali na Ƙwai

Babu zanen biro a bayan yarinyar.

Abin da idon Malama ya faɗa a kai ke nan lokacin da take cire wa 'yarta riga za ta yi mata wankan yamma. Likita ta ce ranar gwajin abincin da jikinta ba ya karɓa za a rubuta lambobi da biro a fatar baya, kusa da kowane ɗigon gwaji, kada su tsorata in sun gani. Amma ga baya nan fes, sai jan kircin da ta riga ta haddace wurarensa, ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar hagu, biyu a ƙugu.

"Abban Auduga, ba su yi mata rubutun ba ne?"

Mijinta yana falo yana kwance igiyar takalmi. Bai ɗago ba.

"Sun yi mana. Nas ce ta goge kafin mu fito."

"To me suka ce?"

"Lafiya lau. Ba su ga komai ba."

"Ƙwan da gyaɗar duka?"

"Duka, Malamata! Ko ni ma jarrabawar za ki yi mini? Kawo takarda da biro in zauna."

Ta yi dariya har da ƙwalla. Ta ɗaga yarinyar sama tana ta alhamdulillahi, ta sumbaci kumatun nan masu kaushi. Maganar biro ta bi ruwan wanka ta wuce.

In za a tambayi Malama abin da ya sa ta auri tela, alhali ƙawayenta na jami'a duk ma'aikatan ofis suka aura, ba za ta iya amsawa a cikin mutane ba, don ita magana a gaban jama'a wuya take mata in ba a aji ba. Amma ta san ranar. Ta kai masa riga ya rage mata hannu, tana tsaye tana kallon ƙasa, tana ɗan sosa bayan wuyanta. Da ta dawo karɓa, sai ta tarar ya cire ɗan ƙyallen kamfanin da ke wuyan rigar, ya bi wurin da zare mai laushi.

"Ban ce ka cire wannan ba," ta ce a hankali.

"Ba ki ce ba. Wuyanki ne ya ce."

Tun daga ranar ta san ta haɗu da irinta, mai gani ba tare da an nuna masa ba.

Da 'yarsu ta cika wata biyu, kirci ya fito mata. Ya fara daga kumatu, ya sauka wuya, ya shiga lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Fata ta bushe ta tsage, wani wurin har da ruwa-ruwa. Yarinya ta dinga goga fuska a jikin katifa kamar za ta cire ta. Masu zuwa dubiya kowa da nasa: wannan ta ce zafi ne, waccan ta ce nonon uwar ne, wata ta ce sabulun 'yan gayu ne. Malama ta ce to, ta ce to, ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Tela kuwa nasa maganin daban ne. Shago ya tafi, ya dawo da riguna shida na farar auduga zalla, kuma duk ɗinkinsu ta waje yake, kamar an sa su a bai-bai.

"Haba Tela, mutane za su ce ba ka iya aikinka ba."

"Su ce. Ɗinki in yana ciki gogar fata yake. Gara ya ci mutuncina da ya ci jikinta."

Ya ɗinka mata 'yan safar hannu don kada ta yagi kanta. Shi ke yanke mata farce da ƙaramin almakashinsa, yana yi yana mata waƙa da muryarsa marar daɗi. Daga nan sunan Auduga ya samo asali, tunda ba abin da jikinta ke karɓa sai auduga. Har maƙwabta suka manta sunanta na yanka.

Tana wata biyar suka je wajen likitar fata, wata mace mai furfura a gaban goshi da tabarau a saman hanci. Ta duba yarinyar sosai, ta rubuta man shafawa, sannan ta ajiye biro.

"Akwai abin da nake so ku fahimta. Fata katanga ce. Tata ta tsattsage. Ɗan ɓurɓushin abinci da ke hannun mai ɗaukarta, ko a kan shimfiɗa, yana iya shiga ta tsagar. To jiki kamar mai gida ne. Wanda ya shigo ta ƙofa baƙo ne, wanda ya shigo ta tsagar katanga ɓarawo. In ƙwai ko gyaɗa suka fara shiga ta fata, jiki yana iya riƙe fuskarsu. Ranar da suka zo ta baki da sallamarsu, sai ya tashi da faɗa."

"Duk mai kirci haka yake?" Malama ta tambaya, tana rubutawa a bayan takardar magani.

"A'a. Da yawa ba abin da ke samunsu. Amma in ya fito da wuri kuma ya yi tsanani irin nata, haɗarin ya fi yawa. Ba kuma cewa na yi ku hana ta har ta girma ba, jinkirin ma ba alheri ba ne. Gwaji za mu yi tukuna. In ba mu ga komai ba, ku fara ba ta kaɗan-kaɗan a gida. In mun gani, ba a gida za a gwada ba." Ta jawo wata takarda. "A danginku akwai mai kirci, ko asma, ko wanda wani abinci ke sa wa borin jini?"

"A namu babu," Malama ta ce. Ta juya ta kalli mijinta.

Yana gyara wa Auduga safar hannu.

"Babu," ya ce.

Ranar gwajin ta faɗo daidai da ranar da Malama ke gadin jarrabawar ƙarshe ta ɗalibanta. Ta roƙi shugabar makaranta har sau biyu, ba a samu wanda zai canje ta ba. Tela ya ce ta kwantar da hankalinta, shi uba ne ba hoto ba. Ta shirya masa jaka, ta rubuta masa tambayoyi huɗu a takarda ta sa masa a aljihu. Da yamma ya dawo mata da albishir.

Sai dai tun daga ranar, ƙwai ya ƙi zama a gidan.

Ta rubuta a cikin cefane, ya dawo ya ce ya manta. Ta sake rubutawa da manyan baƙi, ya ce na kantin duk sun kwana biyu, bai yarda da su ba. Ta sayo guda shida da kanta, washegari ta tarar da kwandon wayam.

"Ina ƙwaina?"

"Wallahi gwiwar hannuna ce ta ture su. Na share kafin ki tashi."

"Duka shidan? Kai da ke zura zare a allura ido rufe?"

"Ƙarnin ne ya ruɗa ni. Kin san ni da ƙwai kamar mage da ruwa."

Ta sani. Tunda suka yi aure bai taɓa cin ƙwai ba. Ya ce ƙarninsa ke tayar masa da zuciya, ita kuma ta mayar da abin tsokana, in ta soya nata sai ta bi shi da faranti har ƙofa.

"Ki ba ta ayaba mana," ya ce. "Ki ba ta dankali. Wai gaggawar me ake?"

"Likita ta ce jinkiri ba alheri ba ne."

"To... sai ranar da nake gida. Ina so in ga fuskar da za ta yi."

Lahadi biyu suka wuce yana gida, kowace da dalilinta.

Ranar wata Asabar da hantsi, yana shago, maƙwabciyarsu Maman Tagwaye ta leƙo da ƙwai uku a cikin kwano, ta ce kajinta ne suka yi abin kirki. Malama ta yi murmushi ita kaɗai. Ta ce yau sai dai Tela ya gani a waya. Ta dafa ɗaya ya dahu sosai, ta murƙushe shi da ɗan ruwa. Ta zaunar da Auduga a kujerarta, ta jingine waya da gwangwanin shayi, ta danna ɗaukar bidiyo.

"Ce wa Abba sannu! Ce masa yau mun kama ɓarawon ƙwai! Aaa... buɗe baki, 'yar gatan Mama..."

Rabin cokali ne. Yarinyar ta yamutsa fuska, ta haɗiye, ta yi dariya ta miƙo hannu tana son ƙari.

Malama ta juya ta ɗauko tsumma. Da ta juyo, sai ta ga jan tabo a gefen bakin. Ta ce ko kircin ne. Kafin ta gama gogewa tabon ya zama uku, ya zama goma, ya tashi rudu-rudu har wuya. Leɓe ya fara hawa. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Yarinyar ta yi amai, ta buɗe baki za ta yi kuka, sai wata 'yar ƙara ta fito kamar ana busa ta cikin tsinke.

"Innalillahi! Maman Tagwaye! Maman Tagwaye, ki taimake ni!"

Ba ta san yadda ta sauka matakala ba takalmi ba. Ba ta san yadda maƙwabciyar ta tayar da mota ba. Abin da ta sani, jikin da ke hannunta yana ta yin laushi, tana jijjiga shi tana cewa, "Ni ce, ni na ba ki, ki yafe mini, ki buɗe ido..."

A asibiti aka fizge yarinyar daga hannunta. Ta ga an soka mata allura a cinya ta cikin farin wandon da ubanta ya ɗinka. Ta ga an kifa mata abin numfashi a fuska. Wata nas ta riƙe kafaɗunta ta zaunar da ita. Minti nawa ne, Allah kaɗai ya sani. Sai ta ji kuka, kuka sosai mai ƙarfi, irin wanda ta sha roƙon Allah ya sa a daina. Ta zame daga kan benci ta yi sujada a wurin.

Tela ya iso da tef ɗin awo a wuya, zare manne a gaban rigarsa. Ya tsaya a bakin gadon yana kallon fuskar 'yarsa.

"Me ta ci?"

"Ƙwai. Rabin cokali kawai, wallahi rabin cokali..."

Ya dafa ƙarfen gadon da hannu biyu. Ta ɗauka tausayinta ne. Ta kama hannunsa ta jingina goshinta a kai.

A haka likitar fata ta same su, an kirawo ta daga ɓangarenta, da fayil a hannu.

"Ta tsallake, alhamdulillahi. Za mu riƙe ta kwana biyu, don wani lokaci abin yakan dawo." Ta cire tabarau. "Amma Malama, ban zaci haka daga gare ki ba. Ke da kike rubuta duk abin da na faɗa? Na ce kada a ba ta sai an yi gwaji."

"An yi, likita. Sati uku ke nan. Abbanta ne ya kawo ta, aka ce ba a ga komai ba."

Likita ta buɗe fayil. Ta juya shafi, ta dawo da shi. Ta ɗago ta kalli Tela ta saman takardun, ta daɗe tana kallonsa.

"A nan an rubuta an kira sunanta sau uku, ba a amsa ba."

Na'urar da ke ƙirga bugun zuciya ta ci gaba da ƙara.

Malama ta ɗaga goshinta daga kan hannunsa. A hankali ta saki yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya zo mata a rai ba likita ba ce, ba ƙwai ba ne. Wani ɗan baya ne fes a cikin bahon wanka.

"Zan dawo," likita ta ce, ta ja labule ta fita.

Kafin ɗayansu ya yi magana, sai ga Yaya, babbar yayar Tela, ta faɗo ɗakin mayafi a hannu. Tana ganin fuskar yarinyar ta dafe ƙirji.

"La'ilaha illallahu! Fuskar Auta! Wallahi haka fuskar Auta ta yi!" Ta juya kan ƙanenta. "Ba ka gaya mata ba? Ranar da ka wuni a gidana da yarinyar nan me na ce maka? Ban ce ka je ka gaya wa matarka ba?"

"Yaya, don Allah..."

"Wane Auta?" Malama ta tambaya. Muryarta ta fito siririya. "Autanku da ke hoton falon Inna? Ba zazzaɓi aka ce mini ba?"

Yaya ta kalle ta, ta kalli ƙanenta, ta rufe baki da mayafi. Sai ta zauna a kujerar gefen gado ta ce, "Ku je ku yi magana. Ina nan da ita."

A ƙarshen barandar akwai wata taga da ke kallon wurin ajiye motoci. Nan suka tsaya. Rana ta take, wata mata tana goge ƙasa a can nesa.

"Ina ka kai mini 'ya ranar?"

"Mun zo, Malamata. Wallahi mun zo. Na karɓi lamba, na zauna..."

"Kar ka ƙara ce mini Malamata. Ina ka kai ta?"

"Gidan Yaya."

"Me ya sa?"

Ya zare tef ɗin daga wuyansa yana naɗe shi a yatsa.

"Ina shekara bakwai, Auta yana da huɗu. Dukanmu mun yi kirci muna jarirai, nawa ya fi nasa ma. Inna ta lura in mun ci ƙwai jikinmu yana tashi, sai ta hana. Ba wanda ya gaya mana dalili, cewa kawai ake ba ma ci. Ranar nan aka ba ni dafaffe a gidan maƙwabta. Na ɓoye a aljihu. Na ce ni babba ne, bari in ba ƙanena ya fara ci... Da hannuna na ɓare masa. Kafin a sami mota ya cika."

Malama ta dube shi. Shekara uku tana bin mutumin nan da farantin ƙwai tana dariya. Ta so ta miƙa hannu, hannun ya ƙi tashi.

"Inna ta ce kada a sake tayar da maganar, kada a ce muna da mugun jini a gida. Muka ce zazzaɓi ne. Har na kusa yarda. Da likita ta yi tambayar nan, kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce babu. Ranar gwajin ina zaune, aka kira sunanta. Na ce in na shiga suka ce tana da shi, shi ke nan, ni na ba ta. Za ki tambaye ni daga ina, kuma na riga na ce babu a gabanki. Aka kira na biyu. Aka kira na uku ina bakin ƙofar fita."

"Sai ka zo ka ce mini lafiya lau."

"Na yi niyyar in tsare ta! Na ce ba ƙwan da zai shigo gidan nan ina raye. Inna ta tsare ni shekara da shekaru, ni ma zan iya..."

"Inna ta san abin da take tsarewa! Ni fa? Ni da nake wuni da ita, ni da nake riƙe cokali, ni ka bari a duhu?"

"Tsoro ne ya..."

"Ni ba na jin tsoro? Ka san sau nawa na tsaya da ƙwai a hannu na fasa kafin gwajin? Maganarka ce ta cire mini tsoron. Kai ka ce duka. Na tambaye ka, ƙwan da gyaɗar duka? Ka ce duka, har da wasa!"

Mai goge ƙasa ta ɗago ta kalle su. Malama, wadda ko a taron malamai ba a jin muryarta, ba ta ko lura ba.

"Da a ce ba ka san zafin abin ba, da na ce rashin sani ne. Amma kai ka sani. Duk duniya ba wanda ya fi ka sanin yadda mutum yake kwana yake tashi bayan ya ba nasa abin da hannunsa. Shekara nawa kana ɗauke da shi? Ka san nauyinsa... sai ka ɗauko ka ajiye mini a hanya."

"Ban taɓa nufin..."

"Yana cikin wayata. Ina dariya, ina ce mata buɗe baki. Don kai na ɗauka, don ka yi farin ciki." Ta goge fuska da bayan hannu. "Da Maman Tagwaye ta fita kasuwa fa? Da motar ta ƙi tashi? Me za ka ce wa mutane? Zazzaɓi?"

Ya runtse ido kamar ta mare shi. Ya durƙusa a wurin, tef ɗin ya warware a ƙasa.

"Ki yafe mini, don girman Allah. Ki yi mini duk hukuncin da kika ga dama."

Ta tsaya tana kallon tsakiyar kansa. Tana son shi, abin haushin ke nan. Ko a wannan lokacin sai da idonta ya ga zaren da ke manne a kafaɗarsa, hannunta ya so ya cire.

"Ka cire mini ƙyalle a wuyan riga don kada ya sosa ni," ta ce a hankali. "Ashe kana ganin ƙanana ne kawai."

Ta koma ɗaki.

Kwana biyun nan bai bar asibitin ba, bai kuma shigo ɗakin ba sai in ta fita alwala. Takan dawo ta tarar an yanke wa Auduga farce, ko an shafe ta da mai tun daga wuya har tafin ƙafa, yadda shi kaɗai ya iya, ba ya tsallake ko bayan kunne. Mahaifiyar Malama ta zo ta tare a wurin. Ta ji labari daga bakin Yaya, da suka keɓe da 'yarta sai ta tayar da maganar.

"Ya yi laifi babba, ba na kare shi. Amma yaron nan ciwo ne da shi tun yana ƙarami, ba wanda ya yi masa magani."

"Na sani, Mama."

"To?"

"In na kalle shi tausayi nake ji. In na kalle ta sai in ji ba zan iya barin su su biyu a ɗaki ba. Duk abin da ya gaya mini yanzu sai na je na duba bayanta."

Mama ta yi ajiyar zuciya, ta ci gaba da ninke kaya.

Ranar sallama da safe, kumburin ya saɓe, Auduga na zaune a cinyar kakarta tana cin safar hannunta. Wata nas mai fara'a ta shigo da 'yar tire. Tela na tsaye daga bakin ƙofa, idanunsa jajur, da wani ɗan abu a dunƙule a hannu.

"To iyayen Auduga, ku matso a yi karatu. Wannan ita ce allurar gaggawa. Kun gan ta kamar biro. Duk inda yarinya za ta, da ita za a je, ko gidan maƙwabta ne. In kun ga leɓe ya hau, ko numfashi ya canza, ba jira, ba kiran waya. A cire murfi, a dafa a cinya, a danna, sannan a taho asibiti. Wannan ta koyo ce, ba allura a ciki. Maman Auduga, bismilla."

Malama ta gwada a cinyarta. Ta sake gwadawa har ta iya.

"Madalla! Saura kati." Nas ta miƙo wani ɗan kati mai layi biyu. "Wannan zai zauna tare da allurar. Ki rubuta mutum biyu da za a damƙa wa yarinyar, waɗanda in abu ya faru ba za su tsaya ba, ba za su ɓoye ba. Su za mu koya wa. Ke ɗaya, sai wa?"

Tana faɗa tana miƙa allurar koyon wajen ƙofa. Tela ya tako taku ɗaya, ya buɗe tafin hannunsa.

Malama ta rubuta sunanta a layin farko. Ta kai biro layi na biyu ta tsaya. Tana jin idonsa a kan yatsunta. Ta tuna riguna shida masu ɗinki ta waje. Ta tuna waƙar yankan farce. Ta tuna 'yar ƙarar nan kamar ana busa ta cikin tsinke.

Ta rubuta sunan mahaifiyarta.

"Mama, zo ki koya," ta ce, ba ta ɗago ba.

Nas ta ɗan yi turus, ta kalli hannun da ke buɗe, sannan ta juya da allurar wajen tsohuwar. Mama ta miƙa wa Malama yarinyar, ta gyara zama, tana cewa a nuna mata a hankali, idonta ba kamar da ba.

Ana cikin cire murfi da mayarwa, Auduga ta leƙa ta saman kafaɗar uwarta ta miƙa hannu wajen ƙofa tana gwaranci. Malama ta juya.

Babu kowa a wurin. Labulen ne kawai ke ɗan motsi.

A ƙarshen gadon, kan farin zanin asibiti, an ajiye wata 'yar jaka ta auduga, doguwa siririya, daidai tsawon allurar, da maɗaurin da za a rataya ta a jikin yarinya. Malama ta ɗauka ta juya ta a hannu. Ɗinkin ta waje yake.